Dabbobi 12 a Tafin Hannu: Gwanintar Sinawa ta Lissafin Shekaru

A ƙasar Sin, mai son sanin shekarun wani ba dole ba ne ya fito fili ya ce "shekarunka nawa?" Sai ya tambaye shi dabbarsa. Idan wancan ya ce shi doki ne, ko zomo, ko biri, to magana ta ƙare. Mai tambaya zai dubi fuskarsa, ya ɗan zagaya da babban yatsa a kan gaɓoɓin hannunsa na hagu, nan take ya san shekarar da aka haifi mutumin, ya san ko yayansa ne ko ƙaninsa, ya kuma san irin girman da ya kamata ya ba shi. Tsohuwar ƙauye da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana yin wannan lissafi, kuma da wuya ka kama ta da kuskure. Ni kam ina ganin wannan na cikin dabaru mafi kyau da ɗan Adam ya ƙirƙiro don riƙe lokaci a ka, kuma ta cancanci a zauna a fahimce ta daga tushe.

Dabbobin 12 ne, jerinsu kuma ba ya canzawa: ɓera, bijimi, damisa, zomo, dodo, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. Kowace shekara da dabbarta, idan aka zo kan alade sai a koma kan ɓera. Shekarar 2020 ta ɓera ce, 2021 ta bijimi, 2022 ta damisa, haka har 2031 ta alade, sannan ɓera ya dawo a 2032. Damisar da ake nufi ita ce babbar nan mai ratsi-ratsi ta dazukan Asiya. Akuya kuwa wasu masu zane kan fitar da ita a siffar tunkiya ko rago. Dodo shi kaɗai ne babu shi a gida ko a daji. Halitta ce ta almara da suke kira long, mai jikin maciji da ƙaho da farata, kuma a wurinsu ba abin tsoratar da yara ba ne. Alama ce ta ruwan sama da mulki, shi ya sa sarakunansu suke sa a saƙa musu siffarsa a riguna.

Yaro a can ba a makaranta yake fara koyon wannan jeri ba, a tatsuniya yake jinsa. Wai wani sarkin sama na almararsu ne ya tara dabbobi ya ce su yi tseren haye kogi, 12 na farko kowanne a ba shi shekara. Ɓera ya san ba zai iya da ruwa ba, sai ya roƙi bijimi ya goya shi. Ana dab da gaci ya daka tsalle ya dira gaba, ya zo na ɗaya, bijimi na biyu. Dodo da ke iya tashi sama sai na biyar ya zo, saboda ya tsaya yi wa manoma ruwa. Maciji ya naɗe a kofaton doki, ana isowa ya sulalo, doki ya razana ya ja da baya, maciji ya riga shi. Akuya da biri da zakara suka haɗa kai suka haye tare, kare ya shagala da wanka, alade ya tsaya cin abinci barci ya kwashe shi, ya zo na ƙarshe. Kyanwa kuwa ɓera ne ya yaudare ta ta rasa gurbi, wai mafarin gabarsu ke nan. Labarin ba tarihi ba ne, su ma sun sani. Amma aikinsa babba ne: kowace dabba an ba ta dalilin zama inda take, saboda haka yaron da ya ji shi sau biyu ba zai sa doki gaban maciji ba har ya tsufa.

Inda abin ya samo asali

Ainihin tarihin ya fi tatsuniyar daɗi, kuma ya fara ne tun kafin dabbobi su shigo cikin maganar. A Anyang da ke lardin Henan an tono dubban ƙasusuwan shanu da ƙoƙunan kunkuru masu rubutu, na zamanin daular Shang, sama da shekara 3,000 da suka wuce. A jikinsu ana ganin yadda mutanen wancan zamani suke sa wa kwanaki suna. Suna da alamomi 10 da ake kira jigogin sama, da wasu 12 da ake kira rassan ƙasa. Ranar farko jigo na ɗaya ya haɗu da reshe na ɗaya, rana ta biyu jigo na biyu da reshe na biyu. A rana ta 11 jigogi sun ƙare sun koma farko, alhali rassa da sauran biyu. Haka za su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba za su sake haɗuwa a mafarinsu ba sai bayan kwana 60. Sai a zamanin daular Han, wajen shekara 2,000 da suka wuce, aka ɗora shekaru ma a kan wannan zagaye. Abin bai zo musu baƙo ba, domin masana taurarinsu sun daɗe da lura cewa tauraron Mushtari yana kammala zagayensa cikin kusan shekara 12.

To, yaushe dabbobi suka hau kan rassan nan? A 1975 aka buɗe kabarin wani ma'aikacin daular Qin a Shuihudi da ke lardin Hubei, wanda aka binne wajen shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. An binne shi da rubuce-rubucensa, sama da tsage 1,100 na gora. A cikinsu akwai littafin zaɓen kwanaki, a cikinsa kuma akwai babin da ya shafi sata. Kowane reshe an haɗa shi da dabba, an ce siffar ɓarawo tana bin dabbar ranar da aka yi satar. Idan ranar ɓera ce, a nemi mai tsinin baki da gemu tsilla-tsilla. Jerin bai gama daidaituwa ba a lokacin: barewa ce a gurbin doki, doki yana gurbin akuya, gurbin dodo kuma babu dabba a cikinsa. A 1986 aka samu makamancin wannan littafi a Fangmatan da ke lardin Gansu. Ashe dabbobin da yau ake yi wa ado da jar takarda a bikin sabuwar shekara sun fara aiki ne a wurin neman ɓarawo.

Jerin da muka sani yau ya bayyana a littafin Lunheng na malami Wang Chong, wanda aka haifa a shekara ta 27 Miladiyya. Shi kuwa ba don ya yarda da camfin ya kawo shi ba, don ya rushe shi ne. Mutanen zamaninsa suna cewa ɓera na ɓangaren ruwa ne, doki na ɓangaren wuta, ruwa kuma yana rinjayar wuta. Sai ya ce in haka ne, a nuna masa ɓeran da ya taɓa korar doki. Sun ce zakara na ƙarfe ne, zomo na icce, ƙarfe yana saran icce. Ya ce to me ya hana zakara caccakar zomo? Da wannan gardama tasa ya adana wa na baya kusan cikakken jerin.

Shaidar da ta fi taɓa zuciya ta zo ne a ƙarni na 6. Yaƙi ya raba wani babban mai riƙon mulki na daular Zhou ta Arewa, Yuwen Hu, da mahaifiyarsa, ta maƙale sama da shekara 30 a yankin da ya koma hannun daular Qi ta Arewa. A shekara ta 564 wasiƙa ta iso masa da sunanta. Da me zai gane ita ce? Cikin abubuwan da ta tuna masa har da dabbobin 'ya'yanta: babban ɓera ne, na biyu zomo, shi kuma maciji. An sako ta a wannan shekara ta koma wurin ɗanta. Tsohuwa ce da ta ga sarakuna sun hau sun sauka, kowanne da nasa ƙirgen shekarun sarauta, amma dabbobin 'ya'yanta ba su ɓace mata ba. Da kalmomi uku ta ba mu abin da za mu lissafa yau: na biyun ya girmi Yuwen Hu da shekara 2, babban kuma da 5.

Ba shekaru kaɗai dabbobin suke riƙe ba, har da sa'o'i. Sinawan da sun raba dare da rana gida 12, kowane gida awa biyu. Daga 11 na dare zuwa 1 lokacin ɓera ne, sa'ar da ya fi ɓarna. Daga 11 na safe zuwa 1 na rana lokacin doki, 5 zuwa 7 na yamma lokacin zakara, da kaji ke shiga akurki, 7 zuwa 9 kuma lokacin kare, da ya kama gadi. A ƙarni na 18 sarki Qianlong ya sa aka gina agogon ruwa a fadar shaƙatawa ta Yuanmingyuan kusa da Beijing, bisa zanen wani ɗan Italiya mai suna Giuseppe Castiglione. Kawunan dabbobi 12 ne na tagulla, kowanne yana feso ruwa a sa'o'insa biyu, da tsakar rana kuma duka su feso tare. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar, aka banka mata wuta. Daga cikin kawunan da suka ɓata, 7 sun dawo gida, ciki har da na ɓera da na zomo a 2013. Na dodo, maciji, akuya, zakara da kare har yau ana cigiyarsu.

Yadda ake lissafin

Mai takarda da alƙalami hanyarsa gajera ce. Ka raba shekarar gida 12, ka dubi abin da ya yi saura. Idan 4 ya rage, ɓera ne. 5 bijimi, 6 damisa, 7 zomo, 8 dodo, 9 maciji, 10 doki, 11 akuya. Idan babu saura biri ne, 1 zakara, 2 kare, 3 alade. Ɗauki 1987: 12 sau 165 ya ba da 1980, saura 7, zomo ke nan. Gwada shekarar haihuwar Yuwen Hu, 513: 12 sau 42 ya ba da 504, saura 9, maciji, daidai da faɗin mahaifiyarsa bayan shekara kusan 1,500.

Amma gwanayen gaske ba sa neman takarda. Buɗe tafin hannunka na hagu. Gindin yatsan zobe shi ne gidan ɓera, gindin yatsan tsakiya na bijimi, gindin yatsan nuni na damisa. Daga nan ka hau yatsan nuni: gaɓar farko zomo, ta biyu dodo, kan yatsan maciji. Ka bi ta sama: kan yatsan tsakiya doki, kan yatsan zobe akuya, kan ƙaramin yatsa biri. Ka gangaro ta ƙaramin yatsa: zakara, kare, sai alade a gindinsa, maƙwabcin ɓera. Gida 12 sun kewaye hannu, babban yatsa shi ne matafiyi. Duk wanda ya saba ƙirga tasbihi a gaɓoɓin yatsunsa bayan salla zai tarar hannunsa ya riga ya san hanyar.

A ce muna cikin 2026, shekarar doki, wata mata ta ce ita zomo ce. Ka ɗora babban yatsa a gidan doki ka yi baya: maciji 1, dodo 2, zomo 3. Wato shekarar zomo ta ƙarshe ta wuce da shekara 3. Sai ka yi ta ƙara 12: 15, 27, 39, 51, 63, 75. A nan ne ido ke karɓar aiki daga hannu. Matar tana riƙe da ɗan makarantar firamare, babu furfura a kanta, amma ta wuce ƙuruciya. To 39 ne, an haife ta a 1987. Kyan lamba 12 ke nan. Da 5 ce ko 6, da fuska ta ruɗe ka. Da 30 ce, da jerin ya yi wa ƙwaƙwalwa nauyi. Shekara 12 tazara ce mai faɗin da ido zai iya rarrabewa, dabbobi 12 kuma kaya ne da kowa zai iya ɗauka.

Idan shekarun ka sani kake neman dabbar, akwai yanke. Tunda zagayen 12 ne, komawa baya da shekara 10 daidai yake da matsawa gaba da gida biyu. Mai shekara 40 a 2026, ka tashi daga doki ka riƙa tsallake gida ɗaya: biri 10, kare 20, ɓera 30, damisa 40. Taɓawa huɗu ka samu amsa, kuma 1986 shekarar damisa ce. Haka nan idan mutum biyu suna son sanin wane ne babba. Kare da alade maƙwabta ne, saboda haka ko kare ya girmi alade da shekara 1, ko alade ya girmi kare da 11. Kallo ɗaya ya raba gardama.

Jigogin sama su ne ke ƙara wa lissafin kaifi. An raba su biyu-biyu a kan abubuwa biyar, kuma lambar ƙarshe ta shekara ita ke nuna su. Shekarar da ta ƙare da 4 ko 5 ta icce ce, 6 ko 7 ta wuta, 8 ko 9 ta ƙasa, 0 ko 1 ta ƙarfe, 2 ko 3 ta ruwa. Matar nan ta 1987 zomon wuta ce. Dokin wuta ya zo a 1906, da 1966, da 2026, sau ɗaya cikin shekara 60. Wanda ya haɗa maka dabba da jigo ya gama gaya maka shekararsa, ba sai ka dubi fuska ba. Da irin waɗannan sunaye Sinawa ke kiran manyan al'amuran tarihinsu. Juyin juya halin da ya kifar da sarautarsu ana ce masa Xinhai, sunan shekarar 1911 ke nan, aladen ƙarfe. Yaƙinsu da Japan na 1894 kuma Jiawu, dokin icce. Akwai ma hanyar kama mai ƙarya: ɓera, damisa, dodo, doki, biri da kare ba sa faɗowa sai a shekarar da ta rabu biyu cif. Shi ya sa zagayen ya tsaya a 60 bai kai 120 ba.

Ramuka biyu

Akwai wurare biyu da baƙo ke faɗawa, kuma a nan ake gane gwani. Na farko, shekarar dabba ba ranar 1 ga Janairu take kamawa ba. Kalandar gargajiya ta Sin da wata take tafiya, kwana 29 ko 30, yadda muka sani a ta Hijira. Bambancin shi ne su suna ƙara wata na 13 sau 7 cikin kowace shekara 19, don kada watanni su guje wa lokutan noma. Saboda haka sabuwar shekararsu ba ta zagaya damina da rani, tana kai-komo ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ta kama 10 ga Fabrairu, a 2025 ta kama 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Wanda aka haifa 20 ga Janairun 1987 damisa ne, ba zomo ba, domin sai 29 ga wata zomo ya shigo. A 1985 kuwa ɓera bai sauka ba sai 20 ga Fabrairu. Shi ya sa da gwani ya ji an ce Janairu ko Fabrairu, sai ya dakata ya nemi rana. Masu duba kuma nasu mafarin daban ne, suna farawa daga ranar shigowar bazara, wajen 4 ga Fabrairu.

Rami na biyu shi ne yadda ake ƙirga shekarun kansu. A tsohuwar al'ada, jariri da ya faɗo duniya shekararsa ɗaya, kuma kowa yana ƙara shekara ne ranar sabuwar shekara, ba ranar haihuwarsa ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne shekaru nawa mutum ya taka ƙafa a cikinsu. Jaririn da aka haifa 28 ga Janairun 2025, daren jajibiri, dodo ne. Da gari ya waye maciji ya shigo, shekarunsa biyu alhali bai cika kwana biyu ba. Idan tsoho a karkara ya ce shekarunsa 80, mai hankali zai tambaya ko na gargajiya ne, sannan ya cire ɗaya ko biyu. A hannu kuwa sauƙi ne: maimakon ka fara ƙirga ɗaya daga gidan baya, sai ka fara daga gidan bana. Koriya ta Kudu ta riƙe irin wannan ƙirge har zuwa Yunin 2023, lokacin da doka ta mayar da harkokin hukuma kan cikakkun shekaru.

Amfanin da ya wuce wasa

Masana ƙidayar jama'a sun san wata cuta: inda mutane ba su riƙe shekarunsu ba, kowa sai ya ce 30, ko 40, ko 50, sai alƙaluma su taru a kan sifiri da biyar, lissafin makarantu da asibitoci ya karkace. Da Sin ta yi ƙidayar 1982, ta sama da mutum biliyan 1, masana irin su Ansley Coale na jami'ar Princeton sun lura cewa a tsakanin 'yan ƙabilar Han wannan cuta kusan babu ita, har a wurin tsofaffin da ba su yi karatu ba. Dalili kuwa kowa ya san dabbarsa, ma'aikaci kuma yana iya mayar da ita shekara.

Mu Hausawa mun san wannan matsala daga ɗaya gefen. Mun iya riƙe rana: Ladi, Talatu, Balarabe, Ɗanjuma da Asabe sunayensu sun faɗi ranar haihuwarsu, Azumi da Sallau kuma sun faɗi watansu. Shekara ce ke kuɓuce mana. Sai a ce an haifi wane shekarar yunwar Kakalaba, ko zuwan Sarauniya a 1956, ko canjin hannu a 1972, ko canjin kuɗi a 1973. Dabara ce mai kyau, Larabawa ma da Shekarar Giwa suka riƙe haihuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Sai dai manyan al'amura ba sa zuwa a jere. Wata shekarar ta wuce shiru babu abin tunawa, kuma abin da Kano ta riƙe ba lallai Damagaram ta san shi ba. Sinawa sun ba kowace shekara suna tun kafin ta zo, suna ɗaya daga wannan iyaka zuwa waccan.

Abu mai amfani ba ya zama gida. A Biyetnam kyanwa ce a gurbin zomo, ɓaunar noma a gurbin bijimi. A Japan aladen daji ne na ƙarshe, kuma tun da suka koma kalandar Miladiyya a 1873 dabbarsu ke sauyawa ranar 1 ga Janairu. Lissafin ya shigo har duniyar Musulmi ta hannun Turkawa. Malami Mahmud al-Kashgari, wanda ya rubuta ƙamus ɗin harsunan Turkawa a Bagadaza a shekarun 1070, ya kawo jerin dabbobin da labarin wani sarki da aka kasa gaya masa shekarar da aka yi wani yaƙi, sai ya sa aka kora namun daji zuwa kogin Ili, aka sa wa shekaru sunayen waɗanda suka haye. A Iran an yi ɗaruruwan shekaru ana rubuta sunan dabbar shekara a takardun mulki da na haraji, sai dokar kalanda ta 1925 ta ajiye al'adar.

Tsaba da ƙaiƙayi

Camfi ya daɗe da raɓuwa da wannan ilimi, kuma ya yi ɓarna. Ana cewa ɗan dodo zai yi arziki, har haihuwa kan ƙaru a shekarunsa a Taiwan, Hong Kong da Singafo. Ana cewa ɓera da doki ba sa zaman aure. Idan shekarar dabbar mutum ta zagayo, sai ya ɗaura jan abu wai don kauce wa tsautsayi. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Japan, inda aka yi imani cewa macen da aka haifa a shekarar dokin wuta za ta zame wa mijinta masifa. A 1965 an haifi jarirai kusan miliyan 1.82, a 1966 suka faɗo zuwa miliyan 1.36, a 1967 suka koma miliyan 1.94. Raguwar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, a kan magana marar tushe, 'yan matan da aka haifa a shekarar kuma suka tashi da tabon da ba su ji ba ba su gani ba. Gaibu Allah kaɗai ya san shi, kuma halin mutum ba a jikin shekara yake ba. Wang Chong ma ya ƙaryata camfin dabbobin nan tun ƙarni na farko.

Amma mai sheƙa ba ya zubar da tsaba don ƙaiƙayi. Idan aka fece camfin, abin da ya rage lissafi ne tsantsa, kuma ingancinsa ya isa abin jinjina. A shekara ta 184 Miladiyya manoma masu rawani ruwan ɗorawa suka yi wa daular Han tawaye, suka zaɓi shekarar saboda ita ce mafarin zagaye, ɓeran icce. Shekarar 1984 ma ɓeran icce ce. Tsakaninsu shekara 1,800, zagaye 30 cif, babu ƙari babu ragi. A cikin wannan tsawo dauloli sun hau sun faɗi, an ƙona fadoji da ɗakunan ajiyar littattafai, an karɓi kalandar Miladiyya a 1912, amma ba a tsallake shekara ko ɗaya ba. Wanda ya cika 60 har yau ana yi masa biki na musamman a Sin da Koriya da Japan, domin ya ga zagayen ya dawo inda ya same shi.

Abin da ya tsare wannan lissafi shi ne ba a kulle shi a fada ba. Masana sun yi aikin mai wuya, na bin wata da rana da taurari, sannan aka sauko da sakamakon aka ba manomi da mai dakan shinkafa a siffar da za su iya ɗauka. An sa shi a tatsuniya don yaro, an sa shi a gaɓoɓin hannu don wanda ba shi da takarda, an sa shi a gaisuwa don a riƙa maimaita shi kullum. Ba sai mun ari dabbobin Sinawa ba kafin mu amfana da wannan darasi. Malamin da ke son karatunsa ya daɗe, da uban da ke son ɗansa ya riƙe ranar haihuwarsa da tarihin gidansu, su nemi hanyar da ilimin zai yi wa talaka sauƙin ɗauka, domin abin da jama'a suka riƙe a ka ya fi abin da aka ajiye a akwati tsawon rai.